Ja, baƙi, shuɗi ko ruwan ƙasa: tarihin abin da ke ƙarƙashin maɓallan kibod

 Ga rubutaccen shirin nan kamar yadda muka saba, saboda 'yan uwa da datarsu ba za ta kai su ga sauraro ba.

Yau maganar kibod za mu yi, wato allon madannan kwamfuta. Duk wanda ya fara sha'awar kibod ɗin da ake kira makanikal, abu na farko da zai ji daga bakin masu sayarwa da masu bidiyo a YouTube shi ne: ja na 'yan gem ne, shuɗi na masu rubutu ne, ruwan ƙasa kuma na wanda ke son ya haɗa biyun. Ana faɗin wannan kamar wata doka. To amma waɗannan launuka suna da tarihi, kuma in ka bi tarihin za ka ga yawancin makunnan nan sun girmi wannan rabon da shekaru masu yawa. Tunda kibod mai kyau yanzu kuɗinsa ya kai na abincin ɗalibi na makonni, ya kamata mutum ya san abin da yake saye.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna. Abin da yatsanka ke taɓawa, mai harafi a kai, hula ce kawai. In ka cire ta za ka ga abin da ke aikin na gaskiya a ƙasa, shi za mu riƙa kira makunni. A kibod ɗin da muka saba da shi a shagunan buga takardu da cibiyoyin jarrabawar JAMB, babu makunni ɗai-ɗai. Shimfiɗar roba ce guda ɗaya mai ƙananan ƙoƙuna, kana dannawa ƙoƙon ya lotsa ya haɗa wasu ledoji biyu masu layin lantarki. Shi kuwa makanikal, kowane maɓalli da nasa makunnin, da nasa sifirin, da nasa 'yan ƙarafan.

Asalin labarin daga tafireta ya faro. A 1868 wani ɗan jarida a birnin Milwaukee na Amurka, Christopher Latham Sholes, shi da abokan aikinsa suka sami takardar mallakar ƙirƙirar keken rubutu. Kamfanin Remington, wanda aka fi sani da ƙera bindigogi da kekunan ɗinki, shi ya karɓi aikin ya fito da shi kasuwa a 1874. Na farkon ma kamar keken ɗinki yake, har da zanen furanni a jiki, kuma manyan baƙaƙe kaɗai yake bugawa. Daga can muka gaji jerin QWERTY da ke wayar kowa a yau. A tafireta yatsa ne injin. Ƙarfin da ka sa shi ne zai ɗaga ƙarfen harafi ya doki ƙyallen tawada ya doki takarda. Wanda ya taɓa ganin dattawan da ke buga takardun rantsuwa a ƙofar kotu ya san yadda suke sarar maɓalli daga sama. Wannan ƙarar ita ce shaidar cewa harafi ya zauna.

Ku riƙe wannan, don shi ne tushen duk gardamar. Da lantarki ya shigo, musamman bayan IBM ta fito da Selectric a 1961, sai yatsa ya huta da aikin duka. Da kwamfuta ta zo kuma, babu ma abin da za a doka. Sai injiniyoyi suka sami sabuwar matsala: ta yaya mai bugawa zai san harafi ya shiga ba tare da ya ɗaga kai ya kalli allo ba? Sakatarori da akawu da masu shigar da bayanai a bankuna, mutanen da ke buga dubban kalmomi a wuni, idonsu na kan takarda. Dole hannu ko kunne ya ba su labari.

Amsar da IBM ta bayar ita ce, a ganina, mafi kyau da aka taɓa bayarwa ga mai rubutu. Wani injiniyansu, Richard Hunter Harris, ya ƙirƙiro makunni mai sifirin da ke tanƙwarewa, aka ba shi takardar mallaka a 1978. Dogon sifirin ne a tsaye a ƙarƙashin maɓalli. Kana dannawa yana matsewa, yana matsewa, har ya kai inda ba zai iya jurewa ba, sai ya ɓalle gefe farat ɗaya. Wannan ɓallewar ce ke tura wata 'yar guduma a ƙasa ta sanar da kwamfuta. Kun ga hikimar? Ƙarar da kunne ya ji, da sakin da yatsa ya ji, da shigar harafin, duk abu ɗaya ne ya haifar da su, a lokaci ɗaya. Makunnin ba zai iya yi maka ƙarya ba. Da shi aka yi kibod ɗin Model F da ya zo da kwamfutar IBM PC a 1981, sannan Model M a 1985, wanda aka rage wa tsada. Model M na farko-farko ya haura kilo 2, da farantin ƙarfe a ciki, kuma tsarinsa na maɓallai 101 shi ne kusan duk kibod ɗin tebur yake kwaikwayo har yau. Akwai waɗanda aka ƙera kafin a haife ni da har yanzu suke aiki. Wani ƙaramin kamfani, Unicomp, a birnin Lexington na jihar Kentucky, ya gaji aikin tun 1996 yana ci gaba da ƙera irinsu.

A Japan kuma kamfanin Alps ya yi nasa makunnan, su ne a cikin Apple Extended Keyboard na 1987 da mutanen Apple ke yabo har gobe. An daina ƙera su tuni. Akwai kuma Topre, shi ma na Japan, mai roba a sama da sifirin a ƙasa, wanda masoyansa ke biyan kuɗi mai yawa a kai. Mu bar su nan, don wanda ya ci kasuwa daban ne.

Cherry kamfani ne da wani Ba'amurke, Walter Cherry, ya kafa a 1953 a jihar Illinois, amma aikin kibod ɗinsa a Jamus ya kafu, a wani ƙaramin gari mai suna Auerbach a yankin Bavaria. A farkon shekarun 1980 suka fito da makunnin da suka kira MX. Gininsa mai sauƙi ne: ɗan akwatin roba, sifirin a tsakiya, 'yan ƙarafa biyu masu ɗigon zinare a inda suke haɗuwa, sai kara mai kai kamar alamar tarawa inda hula ke zama. Karan yana da 'yan ƙafafu da ke raba ƙarafan nan biyu. In ka danna, ƙafafun su sauka, ƙarafan su haɗu, harafi ya fita. Duk bambancin da ake ta magana a kai, siffar waɗannan ƙafafun ne da ƙarfin sifirin. Launin kuwa alama ce kawai don a gane wane ne wane.

In ƙafar a miƙe take sumul, maɓalli zai sauka ba tare da ka ji komai ba har ya kai ƙasa. Wannan shi ne mai santsi, kuma na farkonsu MX Black ne, tun 1984, mai buƙatar nauyin kusan giram 60. In an yi wa ƙafar ɗan ƙusumbi, yatsa zai ji ya haura wani ɗan tudu daidai lokacin da harafi zai shiga. Wannan shi ne mai tudu, wato MX Brown, wanda aka yi a farkon shekarun 1990 bisa buƙatar kamfanin Kinesis, masu ƙera kibod don mutanen da rubutu ya jawo wa ciwon hannu. Na ukun shi ne mai ƙara, MX Blue. Karansa gida biyu ne, akwai wani farin yanki da ke ɓallewa ya doki ƙasan akwatin ya ce ƙas. Dukkansu suna sauka kusan milimita 4, harafi kuma yana shiga wajen rabin hanya.

Yanzu ku duba shekarun nan da kyau. Baƙin da daga baya aka riƙa tallata wa 'yan gem, ya yi shekara sama da 20 yana aiki a ofisoshi da masana'antu da injinan karɓar kuɗi na kantuna kafin wani ya ce na wasa ne. Ruwan ƙasa don masu ciwon hannu aka yi shi. MX Red, mai santsi mai nauyin giram 45, sai a 2008 ya fito.

Tsakanin nan kuwa makanikal ya kusa mutuwa. A shekarun 1990 farashin kwamfuta ya yi ta faɗuwa, kamfanoni suna neman inda za su rage ko kwabo ne. Kibod mai maɓalli ɗari yana buƙatar makunni ɗari, kowanne a liƙa shi da dalma. Na roba kuwa shimfiɗa ɗaya ce a ɗora a rufe. Kibod ya koma abin da ake ba ka kyauta a cikin kwali. Kwamfutocin da suka cika shagunan intanet na garuruwanmu a farkon shekarun 2000, galibi na hannu daga Turai, da irin wannan suka zo. Shi ya sa da yawanmu muka tashi muna zaton haka kibod yake: laushi kamar danna tuwon da ya kwana, kuma sai ka kai shi ƙasa kafin harafi ya fito.

Ga wani abu da masu talla ba sa son a tuna. A daidai wannan zamanin ne wasan StarCraft, wanda ya fito a 1998, ya zama sana'a a Koriya ta Kudu, har da tashoshin talabijin da ke nuna gasa. Ƙwararrun 'yan wasan suna danna umarni wajen 300 a minti ɗaya, wasu ma fiye. Kibod ɗin da ya shahara a hannunsu shi ne DT-35, na roba ne mai araha, irin na ofis. Mutanen da hannunsu ya fi na kowa sauri a tarihin wasan kwamfuta a kan roba suka yi suna.

To ya aka yi makanikal ya dawo? Ta hannun masu rubuta manhaja da 'yan sha'awa ya fara, masu neman tsofaffin Model M da kibod ɗin Filco na Japan. Sai kamfanonin kayan gem suka hango kasuwa. SteelSeries ta fito da 7G a 2008 da baƙin makunni. Razer ta fito da BlackWidow a 2010, kuma abin dariyar shi ne da shuɗi ta fito da shi, wato wanda yau ake cewa bai dace da gem ba. Ya sayu sosai. Daga nan Corsair da Logitech da sauransu suka shigo, aka ƙara fitilu masu launi, kibod ya zama abin ado. A wannan 'yan shekarun ne aka raba launuka gida-gida, saboda mai saye yana son amsa gajera, mai sayarwa kuma yana son ya sayar maka da biyu.

Ba ina cewa rabon ba shi da tushe ko kaɗan ba. Akwai gaskiya guda ɗaya mai ƙarfi a ciki, kuma ta shafi shuɗi. Saboda wancan farin yankin da ke ɓallewa, inda harafi ke shiga da inda makunnin ke sakewa ba wuri ɗaya ba ne. Sai ka ɗaga yatsa ya wuce sama sosai kafin ka iya sake dannawa. Ga mai rubutu wannan alheri ne, yana hana harafi fita sau biyu bisa kuskure. Ga wanda ke son ya danna maɓalli ɗaya sau biyar a daƙiƙa kuwa, cikas ne. Mai santsi ba shi da wannan matsalar, kana iya shawagi a tsakiyar hanya kana kunnawa kana kashewa. Sannan wanda ke riƙe da W na tsawon awanni yana gudu a cikin wasa, sifirin mai sauƙi ya fi masa daɗi.

Ta ɓangaren rubutu, amfanin tudu shi ne yana gaya wa yatsa ya isa haka, ba sai ka doka maɓalli ƙasa ba. Wanda ya koyi tsayawa a nan hannunsa ba ya saurin gajiya. Amma fa tudun MX Brown ƙarami ne ƙwarai, har masu tsokana ke cewa ja ne da yashi ya shiga ciki. In kana da nauyin hannu, kuma yawancinmu da muka koya a kan roba muna da shi, za ka wuce tudun ba ka ma ji shi ba. Shi kuwa ja, sauƙinsa ne aibinsa a rubutu: ka ɗan jingina yatsa, sai ka ga harafi ya fito. Ni a nawa ra'ayin, mai nauyin hannu da ke rubutu da yawa ya fi dacewa da baƙi ko mai tudu mai ƙarfi fiye da ja. Batun ƙara kuma ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mutum uku a makaranta, ya sayi shuɗi yana buga aikin kammala karatu ƙarfe biyun dare, to ya shirya amsa tambayoyi da safe.

A 2016 Cherry ta fito da MX Speed Silver, wanda harafinsa ke shiga a milimita 1.2 maimakon 2, aka ce don sauri. Mu yi lissafi. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, yatsa yana ratsa shi cikin wani ɗan mitsitsin lokaci. Ɗan Adam kuwa, daga ido ya gani zuwa hannu ya motsa, yana ɗaukar wajen rubu'in daƙiƙa. Mu da ke nan kuma, yawancin wasannin da ake yi ta intanet cibiyoyinsu suna Turai ko Afirka ta Kudu, saƙonka sai ya je can ya dawo, ga layin da ke rawa. Jinkirin layi ya ninka abin da makunni zai rage maka sau da yawa. In kuɗinka kaɗan ne, gyara intanet ɗinka ya fi sayen makunni mai sauri amfani nesa ba kusa ba.

Sai ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa a tarihin, wato shigowar Sin. Takardar mallakar ƙirƙira tana da wa'adi, kuma ta MX ta ƙare. Da kasuwa ta buɗe, Cherry ta kasa wadatar da masu nema, sai masana'antun Sin irin su Kailh da Gateron da Outemu suka fara ƙera makunnan da suka yi daidai da ma'aunin MX, hula ɗaya ta hau kowanne. A 2014 Razer ta koma amfani da makunnai masu sunanta, kore da ruwan lemo, waɗanda Kailh ta ƙera mata. Da farko ana raina su, ana cewa jabu ne. Amma ba su tsaya a kwaikwayo ba. Gateron ta yi suna da santsin da mutane da yawa suka ce ya fi na asalin. Kailh ta fito da makunnan Box, masu ɗan akwati da ke kare ƙarafan daga ƙura da ruwa, da wata sabuwar hanyar yin ƙara da siririyar waya. Sun kuma yaɗa ramukan da ke ba ka damar zare makunni ka soka wani ba tare da dalma ba. Suka fara shafa mai tun daga masana'anta. Yau akwai ɗaruruwan nau'o'i, har launi ya daina nufin wani abu tabbatacce: jan wannan kamfani daban da jan wancan. A 2025 kuma Cherry da kanta ta sanar cewa za ta daina ƙera makunnai a Auerbach ta mayar da aikin Sin. Shekara 40 da ɗoriya ana yin abu a Jamus, sai ga shi ya nufi ƙasar waɗanda suka fara da kwaikwayonsa.

Na ambaci ƙura, bari in ɗan tsaya a kai, don nan ne zancen ya taɓa mu kai tsaye. Makunnin MX ƙarfe ne ke taɓa ƙarfe. In ƙura ta shiga tsakani, sai ka danna sau ɗaya harafi ya fito biyu, ko ya ƙi fitowa. Wanda ya san hazon hunturu a Kano ko Damagaram ya san ba a rufe wa ƙura ƙofa. Kada ku ɗauka ƙananan kamfanoni kaɗai abin ke kamawa. Apple ta fito da wani siririn makunni mai siffar malam-buɗe-littafi a kwamfutocin MacBook a 2015, ɗan ƙwayar datti yana iya kashe maɓalli. Sai da ta janye shi gaba ɗaya zuwa 2020, sannan a 2022 ta amince ta biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Saboda haka a yanayinmu, kibod ɗin da ake iya zare makunninsa ya fi muhimmanci a kan wane launi ne. Maɓalli ɗaya ya lalace, ka canza shi shi kaɗai.

Babi na baya-bayan nan kuma tsohon abu ne ya dawo. A 1879 wani masanin kimiyya Ba'amurke, Edwin Hall, ya gano yadda maganaɗisu ke karkatar da lantarkin da ke gudana a cikin ƙarfe. Tun ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Honeywell ke ƙera kibod da wannan dabarar, amma tsada ta kore shi daga kasuwa. A irin wannan makunnin babu ƙarafan da ke haɗuwa. Ɗan maganaɗisu ne a jikin kara, da na'urar aunawa a ƙasa, wadda ta san daidai inda maɓalli yake a kowane lokaci. SteelSeries ta dawo da shi a 2019, sai wani ƙaramin kamfani na ƙasar Holan, Wooting, ya girgiza kasuwa da kibod ɗinsa 60HE a 2022. Kai ne za ka zaɓi zurfin da harafi zai shiga, daga milimita 0.1 har zuwa 4. Abin da ya fi haka, maɓalli yana sakewa da zarar yatsanka ya fara ɗagowa, ba sai ya wuce wani layi ba.

A nan ne karon farko da zan yarda cewa makunni ya ba ɗan wasa fifiko na gaske. A Counter-Strike, harbinka ba ya zama daidai sai ka tsaya cak, don haka saurin sakin maɓalli yana da tasiri. Abin ya kai ga a 2024 Razer ta ƙara wata dabara mai suna Snap Tap, inda in ka danna hagu da dama tare kibod zai bi na ƙarshe da kansa, wato ya yi maka aikin da 'yan wasa ke shekaru suna koyo. A watan Agusta na shekarar, kamfanin Valve mai wasan ya haramta irin wannan a Counter-Strike 2. Saurin sakewar bai shiga haramcin ba, yana nan ana amfani da shi. Amma ku lura, kusan duk makunnan maganaɗisu masu santsi ne, ba tudu ba ƙara, kuma ga wanda aikinsa rubutu ne ko wasan da ba na harbi ba, ƙarin kuɗin ba zai saya masa komai ba.

Ga mu masu rubutu da Hausa akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Makunni bai san harafi ba, lamba kawai yake aikawa. Da yawa daga kibod ɗin makanikal na yanzu suna aiki da manhajar QMK ko VIA, waɗanda ke ba ka damar sauya aikin kowane maɓalli. In ka haɗa da tsarin rubutun da ya dace a kwamfutarka, kana iya ajiye ƙ da ɗ da ɓ a inda yatsa zai same su cikin sauƙi, ka huta da kwafowa daga wani wuri kana liƙawa.

In za ku shiga kasuwa kuma, ku kula da kwalayen da aka rubuta wa “mechanical feel”. Wannan na roba ne aka sa wa dogayen huluna da fitilu. Ka roƙi mai shago ya cire hula ɗaya a gabanka. In ka ga ɗan akwati mai zaman kansa da kara mai alamar tarawa, makanikal ne. In ka hango ƙoƙon roba a ƙasan rami, kuɗin na roba za ka biya. Sannan ka tambaya ko makunnan suna zaruwa, ka zauna ka buga cikakkiyar jimla biyu ko uku da hannunka kafin ka ciro kuɗi.

Nan za mu dakata a wannan mako.